Yadda Sarakunan Yaƙin Japan Suka Karya Boren Haikalai

Tsakanin 1570 da 1575 sarkin yaƙi Oda Nobunaga ya gama da gidan Asakura da na Azai, ya kori shogun, wato shugaban mulkin soja, na ƙarshe na gidan Ashikaga daga Kyoto, ya kuma karya rundunar Takeda a Nagashino cikin yini ɗaya. Amma wani haikalin mabiya Buda da ke bakin kogin Yodo, a wurin da birnin Osaka yake yau, ya zame masa ƙarfen ƙafa har shekara goma, daga 1570 zuwa 1580, bai kuma taɓa shigarsa da takobi ba. Sunan haikalin Ishiyama Honganji. An saba cewa mabiyansa sun turje ne domin ba su tsoron mutuwa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai rashin tsoron mutuwa ba ya ciyar da dubban bakuna shekara goma, ba ya kuma sayo albarushi. Mai son gane dalilin da Ishiyama ta daɗe haka, alhali boren Kiristocin Shimabara da ya biyo bayan kusan shekara sittin wata huɗu kacal ya yi, sai ya bi sawun shinkafa da jiragen ruwa da kundin haraji.

Ɗarikar da ake magana a kai ta samo asali daga Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263. Koyarwarsa a taƙaice: mutum ba ya iya tsirar da kansa da azumi ko zurfin karatu ko gina wurin ibada, tsira tana zuwa ne daga alkawarin Buda Amida, abin da ya rage wa mai bi shi ne ya dogara, ya riƙa ambaton sunan da kalmomin "Namu Amida Butsu". Malaman ɗarikar suna aure, suna cin kifi, suna gadar wa 'ya'yansu kujera. Ga masunci da maharbi, waɗanda tsofaffin ɗariku ke ganin sana'arsu ta kisa ta ɓata su, wannan babban rangwame ne. Duk da haka, kusan shekara ɗari biyu bayan rasuwar Shinran, Honganji, haikalin zuriyarsa wanda daga baya ya koma Ishiyama, ƙaramin haikali ne a gefen Kyoto, yana zaune a inuwar Enryakuji, babban haikalin dutsen Hiei mai gonaki da masu ba da bashi da malamai 'yan takobi.

Rennyo ne ya canza lissafin. Shi ne shugaba na takwas, ya hau kujera a 1457. Da jama'arsa suka fara yawa, mayaƙan Enryakuji suka sauko a 1465 suka rushe haikalin. Bayan 'yan shekaru yana yawo, ya yada zango a Yoshizaki a 1471, a kan iyakar lardunan Echizen da Kaga, gaɓar tekun arewa. A lokacin Kyoto tana cin wuta da yaƙin Onin, wanda aka fara a 1467 bai ƙare ba sai 1477, kuma babu mai lura da abin da ke faruwa a ƙauyukan arewa.

Dabarar Rennyo ta tsari ce fiye da ta wa'azi. Yana rubuta gajerun wasiƙu da harshen da manomi ke ji, a aika ƙauye, wani ya karanta da ƙarfi a gaban jama'a. Yana rubuta sunan Amida a dogayen takardu ya rarraba, a rataye a gidan wani babba, gidan ya zama wurin ibada ba tare da an gina komai ba. Mabiyan kowane ƙauye suna taruwa duk wata, su yi ambato, su ci abinci tare, su tara gudummawa a tura sama. An ruwaito yana cewa a kowane gari mutum uku ake fara nema: malamin gari, dattijon gari da mai gari, in suka shigo, saura za su biyo. To, waɗannan ukun su ne dama masu rabon ruwan noma, masu tara haraji, masu fito da samari in an kawo hari. Duk wanda ya haɗa masu gari ɗari a taron wata-wata, da asusu guda da shugaba guda, ya riga ya mallaki ƙashin bayan runduna ko bai yi niyya ba. Rennyo ya kuma haifi 'ya'ya 27, ya dasa mazan a manyan haikalan lardi.

Japan ta wancan zamani ta riga ta san haɗin gwiwa na rantsuwa, wanda ake kira ikki. Ƙananan mayaƙa ko manoma ko 'yan kasuwa sukan rubuta alkawari, su sa hannu, wani lokaci a zagaye domin kada a gane wanda ya fara, su ƙona kwafi guda, su jiƙa tokar a ruwa kowa ya kurɓa. An yi irin wannan a 1428 don neman a yafe basussuka, an yi a Yamashiro a 1485 inda mutanen lardi suka kori rundunoni biyu suka riƙe kansu shekara takwas. Irin waɗannan ƙawance sukan watse da zarar buƙata ta biya. Na mabiya Honganji, da ake kira Ikko-ikki, bai watse ba, saboda taron wata mai zuwa yana nan ko an yi yaƙi ko ba a yi ba.

Kaga

A 1474 'yan'uwa biyu na gidan Togashi suna rikicin kujerar gwamnan soja na Kaga. Ƙanin, Kochiyo, yana da goyon bayan reshen Takada, abokan hamayyar Honganji a cikin gidan Shinran ɗin kansa. Sai mabiyan Rennyo suka mara wa yayan, Masachika, baya, ya yi nasara. Wato karon farko da suka zare takobi a Kaga ba don kawar da sarauta ba ne, a cikin rikicin sarauta suka shiga, suna sa ran za a saka musu. Masachika bai saka ba. Da ya ga ƙarfinsu sai ya juya musu baya, aka yi arangama a 1475, Rennyo ya kori na hannun damansa Shimotsuma Renso bisa zargin zuga mutane, shi ma ya bar Yoshizaki.

Rennyo bai taɓa kiran mutane zuwa bore ba. Wasiƙunsa cike suke da umarnin a bi gwamna, a biya haraji, kada a zagi gumakan wasu ko ɗarikunsu, a riƙe dokar mai mulki a fili a ɓoye imani a zuci. Yawan maimaita wannan umarni shi ke nuna ba a bin sa.

A 1487 Masachika ya kwashi mayaƙansa ya bi shogun Yoshihisa yaƙi a lardin Omi, ya ɗora wa Kaga kuɗin tafiyar. Kafin ya dawo ƙananan mayaƙan lardin da masu garuruwa sun haɗa kai da jama'ar haikali. A 1488 suka yi masa ƙawanya a sansanin Takao har ya kashe kansa. Rubuce-rubucen lokacin sun ce mutum 200,000 ne suka taru, wanda da ganin adadin an san an zuzuta. Suka ɗauko wani dattijo daga gidan Togashi, Yasutaka, suka ɗora a kujera don sunan kawai. Shogun ya nemi Rennyo ya kori mutanen Kaga daga ɗarika. Da taimakon Hosokawa Masamoto, wani babba a fadar shogun, aka tsaya a wasiƙar tsawatarwa.

Daga nan zuwa 1580 babu wani sarkin yaƙi da ya mallaki Kaga. Ana yawan kiranta lardin da manoma suka riƙe, amma kada a ɗauka jamhuriyar talakawa ce. Masu yanke hukunci a gundumomi huɗu na lardin ƙananan mayaƙa ne masu gonaki da manyan malamai, a samansu kuma haikalai uku da 'ya'yan Rennyo ke jagoranta. Manomi bai daina biyan shinkafa ba, mai karɓa ne ya canza. Manyan Kyoto masu gandaye a Kaga, da suka ga kuɗin gonarsu ya daina zuwa, Honganji suke kai wa kuka, shi kuma ya rubuta wa Kaga a biya. A 1531 ma yaƙin basasa aka yi tsakanin mabiyan, ɓangaren hedikwata ya rushe haikalan nan uku, kuma a 1546 aka gina Oyama Gobo, inda Kanazawa take yau, don hedikwata ta riƙa mulkin lardin kai tsaye ta hannun wakilanta. A wannan mataki, in aka cire tufafin malanta, aikin da Honganji ke yi a Kaga bai bambanta da na sauran sarakunan yaƙi ba.

A tsakiyar ƙasar kuwa ƙarfinsa a garuruwa yake. Akan kewaye haikali da gidajen 'yan kasuwa da masu sana'a, a haƙa gwalalo, a tayar da ganuwar ƙasa, sannan a nemo takarda daga mai mulkin yankin wadda ta hana jami'ansa shiga kama mutum ko karɓar wasu haraji, ta kuma keɓe garin daga dokar yafe bashi. Wannan na ƙarshe shi ke jawo masu kuɗi, domin a nan ne kaɗai mai ba da bashi ke da tabbacin ba za a wayi gari an soke takardunsa ba. Tondabayashi da Imai da Kaizuka duk haka suka tashi. Kuma ba Honganji kaɗai ke da mayaƙa ba. A 1532 mabiya ɗarikar Nichiren na Kyoto, tare da rundunar Rokkaku, suka ƙona hedikwatar Honganji ta Yamashina, abin da ya sa aka koma Ishiyama. A 1536 mayaƙan Enryakuji suka shiga Kyoto suka ƙona manyan haikalan Nichiren 21. Ɗariku sun yi wa juna ɓarna sosai tun kafin Nobunaga ya girma.

Darasin farko ga sarakunan yaƙi Tokugawa Ieyasu ne ya sha shi a Mikawa, a 1563 da 1564, yana saurayi. Rikici ya tashi kan haƙƙin haikalai na hana jami'ai shiga, sai ya ga wani sashe na bayinsa na gado sun koma ɓangaren haikali, har da Honda Masanobu wanda daga baya ya zama babban mashawarcinsa. Abin da ya firgita sarakuna ke nan: akwai wata mubaya'a da ke iya rinjayar caffar da bara ya yi wa ubangidansa. Ieyasu ya yi sulhu, ya yafe wa yawancin bayinsa, sannan ya rushe haikalan ya hana ɗarikar a lardinsa kusan shekara ashirin.

Shekara goma na Ishiyama

Nobunaga ya shiga Kyoto a 1568. Ya nemi Honganji ya ba da kan 5,000, wato ƙullin kuɗin tagulla 5,000, na kuɗin yaƙi, aka biya. Ya nemi 20,000 daga birnin Sakai. A kakar 1570, yana tsaka da yaƙar gidan Miyoshi a sansanonin Noda da Fukushima dab da Ishiyama, aka kaɗa ƙararrawar haikali cikin dare aka far wa sansaninsa. Shugaba na goma sha ɗaya, Kennyo, ya aika wa larduna cewa Nobunaga na shirin rushe haikali, kowa ya tashi, wanda ya ƙi kuwa an cire shi daga ɗarika. Ga mutumin da ya yarda tsirarsa na rataye da wannan ɗarika, korar ta fi yankan kai zafi. Har yau akwai wata tuta da ake dangantawa da yaƙin, rubuce a jikinta cewa mai ci gaba ya nufi aljanna, mai ja da baya ya nufi wuta.

Kennyo ba baƙo ba ne a siyasar manya. Fadar sarki ta ba shi babban matsayi a 1559. Matarsa ƙanwar matar Takeda Shingen ce, an kuma ƙulla auren ɗansa da 'yar Asakura Yoshikage. Tashinsa wani zobe ne a sarƙar da ta kewaye Nobunaga: Asakura da Azai daga arewa, Takeda daga gabas, daga baya Mori daga yamma da Uesugi Kenshin daga gaɓar arewa.

Enryakuji, wanda ba ya ga maciji da Honganji, ya ba rundunar Asakura da Azai mafaka a kan dutsen Hiei a 1570. Nobunaga ya ba shi zaɓi: ya shigo bayansa a mayar masa da gonakinsa, ko ya tsaya 'yan-ba-ruwanmu, ko a ƙona shi. Bai amsa ba. A kakar 1571 aka kewaye dutsen aka cinna wuta, aka kashe dubban mutane har da mata da yara. Wannan ne labarin da ya fi tashe, amma ta fuskar yaƙi shi ne mafi sauƙi, yini guda ya ci. Dutse ne da ake iya kewayewa ta ƙasa, kuma a ranar babu rundunar ƙawaye a kusa.

Nagashima, wata cibiyar mabiya Honganji, ta fi wuya nesa ba kusa ba. Tana inda kogunan Kiso da Nagara da Ibi suka rarrabu kafin su faɗa teku, tsibirai ne masu jinga, ga fadama ga kyauro, a bakin ƙofar Owari, mahaifar Nobunaga. A 1570 mutanen wurin suka kashe ƙaninsa Nobuoki. Ya kai hari a 1571 ta ƙasa, ya kasa. A hanyar komawa, ta wata matsattsiyar hanya tsakanin dutse da ruwa, 'yan kwanton ɓauna suka raunata Shibata Katsuie suka kashe Ujiie Bokuzen. Ya sake a 1573, bai samu isassun jiragen ruwa ba, aka sake bin sawunsa cikin ruwan sama. Matsalar a fili take: doki ba ya aiki a laka, kuma muddin teku a buɗe yake, abinci na shiga da kwale-kwale.

A 1574 ya zo da jiragen Kuki Yoshitaka da na Takigawa Kazumasu suka toshe bakin teku, rundunar ƙasa ta tura mazauna yankin cikin sansanoni biyar. Daga nan sai jira. Mutanen Otorii da suka nemi sulalewa a wani dare na hadari, an kashe kusan 1,000 daga cikinsu. Na Shinohashi kuwa an bar su suka koma babban sansanin Nagashima, wanda ba tausayi ba ne, ƙarin bakuna ne a kan rumbun da ya kusa ƙarewa. Bayan kusan wata uku yunwa ta kashe da yawa, babban sansanin ya miƙa wuya, mutane suka fito a kwale-kwale, Nobunaga ya sa aka buɗe musu wuta. Wasu 700 zuwa 800 suka faɗa ruwa da takubba tsirara suka afka wa sahun Oda, suka kashe danginsa da dama, har da yayansa Nobuhiro. Sansanoni biyu da suka rage, Nakae da Yanagashima, ya sa aka kewaye su da shinge ninki-ninki aka cinna wuta ta kowace kusurwa. Ota Gyuichi, baransa da ya rubuta tarihinsa, ya ce kimanin mutum 20,000 ne suka ƙone.

Echizen ta nuna wani rauni daban, na cikin gida. Bayan faɗuwar Asakura, mabiya suka ƙwace lardin a 1574. Ishiyama ta turo Shimotsuma Raisho ya mulke su, shi da mutanensa suka ɗora haraji da aikin gayya masu nauyi da sunan shirin yaƙi. Mutanen da suka zubar da jini don sauke wani kaya suka ga an aza musu irinsa, har wasu suka yi wa wakilan haikalin bore. Da Nobunaga ya shigo a 1575 babu haɗin kan da zai tare shi, cikin kwanaki komai ya rushe. Ya rubuta wa wakilinsa na Kyoto cewa garin Fuchu ya cika da gawa babu masaka tsinke. Gyuichi ya ce fursunoni fiye da 12,000 aka kashe.

Ita Ishiyama tana kan tudu, rassan koguna sun kewaye ta, ga ƙananan sansanoni 51 a zagaye, bayanta kuma teku. Tana da 'yan bindiga daga Saika a lardin Kii. Bindiga ta shigo Japan a 1543 ta hannun 'yan Fotugal, irin wadda ake ɗurawa ta baki, 'yar'uwar harba-rugar maharbanmu, sai dai da igiya mai cin wuta a hankali ake tayar da ita. Ɗurinta na cin kusan rabin minti, ruwan sama na kashe igiyar, a fili mahayin doki na iya cim ma mai ita kafin ya sake ɗuri. Amma a bayan ganuwa da gwalalo waɗannan aibobin ba su da tasiri sosai, kuma ana koyar da manomi harbi cikin makonni, saɓanin baka da ke cin shekaru. Shi ya sa ta fi amfanar mai tsaro. Rauninta shi ne ciyarwa: Japan na da gawayi da farar wuta, amma babban sinadarin albarushi da yawancin dalma daga waje ake shigo da su, ta tashoshi irin Sakai, wadda ta riga ta faɗa hannun Nobunaga.

A 1576 aka gwada afka mata. 'Yan bindiga suka kashe kwamandan harin, Harada Naomasa, suka rutsa Akechi Mitsuhide a sansanin Tennoji. Nobunaga ya taho da kansa da mutum kusan 3,000 ya kutsa cikin 15,000, ya ceci sansanin, harsashi ya same shi a ƙafa. Bai sake gwada shiga da ƙarfi ba. Ya gina sansanoni goma a kewaye, ya damƙa wa Sakuma Nobumori, ya mai da hankali kan teku. A nan ma karon farko kashi ya sha: jiragen Mori da na Murakami, 700 zuwa 800, suka iso bakin kogin Kizu ɗauke da shinkafa, suka riƙa jefa tukwanen albarushi a kan jiragen Oda kusan 300 suka ƙone su, abinci ya shiga.

Shekara biyu ya ɗauka yana gyara wannan. A 1577 ya kai yaƙi Saika don rage 'yan bindigar. Ya sa Kuki ya ƙera manyan jirage shida masu ɗauke da igwa, waɗanda littafin wani malamin Nara ya ce na ƙarfe ne don harsashi kada ya huda. Masana na jayayya kan ko dukan jikin aka lulluɓe ko wani sashe. A ƙarshen 1578 jiragen Mori kusan 600 suka dawo, Kuki ya bari suka matso, ya auna jiragen shugabanni da igwa, saura suka ja da baya. Hanyar teku ba ta rufe ɗungurungum a ranar ba, amma ƙawayen sai zubewa suke. Shingen ya mutu tun 1573, Kenshin a 1578. Ukita Naoie ya bar Mori a 1579, sansanin Arioka na Araki Murashige ya faɗi a shekarar, na Miki ya bi baya a farkon 1580. Babu sauran wanda zai kawo ɗauki.

Sarki Ogimachi ne ya shiga tsakani, bisa buƙatar Nobunaga, domin Kennyo ya samu hanyar sauka ba tare da an ce ya durƙusa wa abokin gaba ba. Sharuɗɗan: afuwa ga kowa, a bar ɗarikar ta ci gaba, a fice daga Osaka, za a kuma mayar wa haikali gundumomi biyu na Kaga in an zauna lafiya. Kennyo ya fita zuwa Saginomori a Kii. Ɗansa Kyonyo ya ƙi, ya ƙara wata huɗu, da ya fita wuta ta cinye haikalin. Kaga kuwa Shibata Katsuie bai tsaya ba, Oyama Gobo ta faɗi a 1580, aka murƙushe ragowar masu turjiya na tsaunukan Torigoe zuwa 1582, maganar gundumomi biyu ta bi ruwa. A lura, mutumin da ya ƙona 20,000 a Nagashima shi ne ya sa hannu a kan barin ɗarikar ta rayu. Abin da yake nema tudun ne da tashar jiragen, da kuma kada kowa ya sake tara runduna ba da izininsa ba. A 1583, shekara guda bayan mutuwar Nobunaga, Toyotomi Hideyoshi, wanda ya gaji ikonsa, ya fara gina fadar Osaka a kan tokar haikalin.

Abin da ya hana a sake

Hideyoshi ya ƙarasa aikin takobi a 1585, ya ƙona haikalin Negoroji mai malamai 'yan bindiga, ya datse kogi ya malala wa sansanin Ota na ragowar mutanen Saika ruwa. Amma abin da ya kashe Ikko-ikki har abada aikin magatakarda ne. Daga 1582 jami'ansa suka bi gona-gona da sandar awo guda, mai tsawon kusan santimita 191, da mudu guda na ƙasa baki ɗaya. Kowace gona a auna faɗinta, a sa mata daraja, a ƙiyasta amfaninta da koku, wanda ya kai lita 180, kusan buhu uku na kilo 50. Fadama mai daraja ta ɗaya koku 1.5 a kowane tan, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na hekta. Ta biyu 1.3, ta uku 1.1. Sannan a rubuta sunan mutum ɗaya, mai noman, shi ke da alhakin haraji kai tsaye ga mai lardi. Da wannan aka shafe 'yan tsakiya, ƙananan mayaƙan ƙauye da haikalai masu yankar rabonsu kafin shinkafa ta kai sama. Su ne dama hafsoshin bore. Aka bar musu zaɓi biyu: su bi ubangida su koma gindin fadarsa su ci albashi, ko su zauna a ƙauye a rubuta su manoma.

A 1588 aka kafa dokar karɓe makamai. Ta hana manoma riƙe dogon takobi da gajere da baka da mashi da bindiga, ta faɗi dalili ƙarara, cewa makamai na hana tara haraji suna haifar da bore, ta kuma yi alkawarin za a narka ƙarfen a yi ƙusoshin babban gunkin Buda da ake ginawa a Kyoto, mai bayarwa ya samu lada nan da gobe. Daga gundumar Enuma ta Kaga kaɗai an tara dogayen takubba 1,073 da gajeru 1,540. Ba a kwashe komai ba, bindigogin farauta sun yi saura a ƙauyuka, amma an raba wanda ya cancanci rataya takobi da wanda bai cancanta ba.

Shi kuwa Honganji lallaɓa shi aka yi. Hideyoshi ya ba shi fili a Osaka a 1585, ya mayar da shi Kyoto a 1591, ba ganuwa ba gwalalo. Ɓarakar da ta fara ranar da Kyonyo ya ƙi bin mahaifinsa ba ta ɗinke ba: ya gaji kujera a 1592, Hideyoshi ya sauke shi ya ɗora ƙaninsa Junnyo, sannan a 1602 Ieyasu ya ba Kyonyo fili ya gina nasa haikalin. Su ne Honganji na Yamma da na Gabas da ke tsaye a Kyoto har yau, tafiyar 'yan mintoci tsakaninsu.

Boren Shimabara ya zo ne bayan an gama duk wannan. Yankin da tsibiran Amakusa tsofaffin ƙasashen sarakuna Kiristoci ne, Arima da Konishi, kuma da yawa daga bayinsu sun koma noma. An haramta Kiristanci a 1614. Gidan Matsukura da ya karɓi Shimabara ya gina fadar da ta fi ƙarfin lardin, ya ƙiyasta amfanin gona sama da ninki biyu na gaskiya, ya riƙa azabtar da wanda ya kasa biya, ga shekarun rashin amfani a jere. A Disambar 1637 aka tashi, aka sa wani matashi, Amakusa Shiro, a gaba, kusan mutum 37,000 har da mata da yara suka shige tsohon sansanin Hara a bakin teku. Sun iya faɗa: kwamandan farko na gwamnatin gidan Tokugawa, Itakura Shigemasa, a jikin ganuwarsu ya mutu. Wanda ya gaje shi, Matsudaira Nobutsuna, ya tara fiye da 120,000, ya sa jirgin 'yan Holan ya yi ta harba igwa daga teku, ya zauna jiran yunwa. Imaninsu bai gaza na mutanen Ishiyama ba, teku ma na bayansu, amma babu wani Mori da zai turo jirage 700, babu Takeda da zai janye hankalin maƙiyi, babu garuruwan haikali masu turo kuɗi. A Afrilun 1638 sansanin ya faɗi, aka kashe kusan kowa. Gwamnati ta fille kan Matsukura Katsuie saboda zaluncin da ya jawo fitinar, ta kori 'yan Fotugal a 1639.

Daga nan aka wajabta wa kowane gida ya yi rajista da wani haikalin Buda, malamin haikalin ya shaida duk shekara cewa babu Kirista a gidan. Ba a aure ko doguwar tafiya ko ƙaura sai da takardarsa, shi ke kuma binne mamaci. A 1640 aka kafa ofishin binciken addini a ƙarƙashin Inoue Masashige, zuwa 1671 kundin ya game ƙasar. A Kaga da Echizen da Mikawa, yawancin masu buga hatimi a waɗannan kundaye malaman Honganji ne, kuma tsarin ya ci gaba har sabuwar gwamnatin Meiji ta maye gurbinsa da rajistar iyali ta hukuma a farkon shekarun 1870.